Zabura a Bakin Ɗan Kasuwa: Tsofaffin Waƙoƙin Littafi Mai Tsarki a Addu'ar Kiristocin Kasuwar Sabon Gari, Kano

Gabatarwa

Littafin Zabura, wanda ya ƙunshi waƙoƙi 150 da Bani Isra'ila suka tsara da Ibrananci a tsawon ƙarnuka masu yawa kafin haihuwar Almasihu, shi ne littafin addu'a mafi daɗewa a hannun Ikilisiya, kuma har yau babu wani sashe na Tsohon Alkawari da ya zauna a bakin Kirista kamarsa. Wannan maƙala ta dubi yadda Kiristocin da suke neman abinci a Kasuwar Sabon Gari da ke ƙaramar hukumar Fagge, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, suke amfani da waɗannan waƙoƙi a addu'arsu ta yau da kullum. Matsayin maƙalar shi ne cewa ɗan kasuwa ya riƙi Zabura riƙo na gaskiya, amma ta gefe ɗaya ya riƙe ta, domin ya ɗauki 'yan waƙoƙin da suke yi masa alkawarin tsari daga asara da maƙiyi, ya bar waɗanda za su ba shi bakin kuka a ranar da asarar ta auku, da kuma waɗanda suke tuhumarsa shi da kansa a kan mudunsa da bashinsa da yaron shagonsa.

Masu addu'ar da harsunansu

Addinin Kirista bai shigo Kano ta hannun mishan kai tsaye ba. Tawagar Bishop Tugwell, wadda Dokta Walter Miller yake cikinta, ta iso birnin a 1900, Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallame ta ba tare da ba ta wurin zama ba, kuma bayan Turawa sun ci ƙasar, gwamnatinsu ta ci gaba da hana wa'azin bishara a cikin ganuwa. Jirgin ƙasa ne, wanda ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Legas da ƙasar Yarbawa da Saliyo da Gana, aka keɓe musu Sabon Gari wajen 1913, daga baya Ibo suka zo da yawa har suka rinjayi kowa a harkar shaguna. A kan waɗannan aka samu Kiristocin Arewa daga kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da ƙauyukan Maguzawa, waɗanda Hausa ce harshen sujadarsu. Kowane rukuni ya zo da Zaburarsa: Yarbawa sun samu Littafi Mai Tsarki cikakke tun ƙarni na 19, na Ibo ya fito a 1913, na Hausa kuwa, wanda Miller ya yi wa aiki mai yawa, aka buga shi a 1932, sannan aka fitar da sabuwar fassara wajen 1980. Saboda haka a layi ɗaya na kasuwar ana iya jin waƙa guda da harsuna huɗu, idan aka haɗa da Turanci.

Akwai dalilin da ya sa waɗannan waƙoƙi suka iya wannan doguwar tafiya ba su mutu a hanya ba. Rubutacciyar waƙar Hausa ta dogara ne a kan kari da amsa-amo, waɗanda sukan zube da zarar an juya ta zuwa wani harshe, alhali waƙar Ibrananci an gina ta a kan abin da malamin Ingila Robert Lowth ya bayyana a 1753, wato jerin ma'ana, inda ake raba ɗango gida biyu, rabi na biyu ya maimaita na farko da wasu kalmomi, ko ya ƙara masa ƙarfi, ko ya kawo kishiyarsa. Tunda ma'ana ce take amsa ma'ana, ginin yakan tsaya a kowane harshe, kuma ya dace da kunnen da ya saba da jagora da 'yan amshi. Wanda ya saurari ƙungiyar Zumuntar Mata a cocin ECWA na sashen Hausa, jagora tana jefa rabin aya, sauran mata suna karɓa da bugun tulu, ya ji tsarin da ba shi da nisa da yadda Zabura ta 136 take, inda amshi ɗaya yake biyo bayan kowane ɗango daga farko har ƙarshe.

Gado biyu

Hanyoyi biyu na karanta Zabura ne suka haɗu a Sabon Gari, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan bayani. Ta farko ita ce karatu bi da bi, wanda mai addu'a ba shi ne yake zaɓar abin da zai karanta ba. Ƙa'idar da Benedik ya rubuta wa sufayensa a Italiya a ƙarni na 6 ta wajabta a sauke Zabura duka a kowane mako. Thomas Cranmer, a littafin addu'ar Anglikan na 1549, ya sassauta wannan domin jama'ar da suke da sana'a, ya raba littafin a kan kwanakin wata, kashi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Cocin Katolika kuma, a tsarin addu'ar sa'o'i da ya fitar a 1971, ya shimfiɗa shi a kan makonni huɗu, bayan ya riga ya maido da Zabura mai amshi tsakanin karatu na farko da na biyu a sujadar Lahadi. A cikin wannan gado ne ake rera sauran tsofaffin waƙoƙin da suke warwatse a Littafi Mai Tsarki, kamar waƙar Musa a Fitowa sura 15, da ta Zakariya da safe, da ta Maryamu da ta Saminu da yamma ko da dare, waɗanda ukun nan duk suna cikin surori biyu na farkon Luka. Masu zuwa coci-cocin Anglikan da na Katolika a Kano sun gaji wannan hanya, sai dai ga yawancinsu ta tsaya a ranar Lahadi, ba ta bin su zuwa shago.

Hanya ta biyu ita ce zaɓe bisa ga buƙata, kuma coci-cocin Aladura, wato "masu addu'a" a harshen Yarbanci, su ne suka ba ta ƙarfi a Nijeriya. Ƙungiyar Kerubim da Serafim, wadda Moses Orimolade da Christiana Abiodun suka fara a Legas a 1925, da farkawar Joseph Ayo Babalola ta 1930 a Ilesha, da cocin Celestial wanda Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947, duk sun ɗauki Zabura a matsayin kalmomi masu iko, kowace da aikinta: ta 51 domin neman gafara, ta 24 domin tsarkakewa, wasu domin ciwo, wasu domin tafiya, ana karanta su a kan ruwa ko mai, a sha ko a shafa ko a yayyafa. Farfesa David Tuesday Adamo, wanda ya yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan al'ada, ya kasa irin wannan amfani gida uku, wato na tsari da na warkarwa da na neman nasara. Coci-cocin Fentikos da suka yawaita daga shekarun 1980 sun yi watsi da farar riga da kyandir da turaren Aladura, amma ba su yar da wannan fahimta ba, sai ma suka ƙara mata zafi da abin da suke kira yaƙin ruhaniya. Wannan hanya ce ta mamaye kasuwa, har ta shiga bakin 'yan Anglikan da 'yan Katolika da 'yan ECWA, saboda ita ce take amsa tambayar da ɗan kasuwa yake farkawa da ita.

A bakin shago da bakin mota

Da sassafe, kafin 'yan dako su fara shigo da kaya, ana iya ganin mai shago ya ɗaga ƙofar ƙarfe zuwa rabi, ya shiga da yaransa, sun tsaya tsakanin katan-katan, ya buɗe ƙaramin Sabon Alkawari irin na aljihu wanda ƙungiyar Gidiyon take rabawa, mai ɗauke da Zabura da Karin Magana a bayansa, ko kuma ya duba wayarsa. Yawanci ta 23 ce ko ta 91 ko ta 121, a karanta da sauri, a roƙi Allah ya kawo masu saye, ya hana kaya yin kwantai, ya kau da ɓarawo da gobara da mai baƙin ido, a ce amin, sannan a ɗage ƙofar gaba ɗaya. Lambobin nan uku su ne kuma ake gani a manne a jikin kanta da gilashin mota, sau da yawa babu ko kalma ɗaya ta ayar, lambar kaɗai ta wadatar. A tashar New Road, inda manyan motocin dare suke lodi zuwa Onica da Aba da Legas, mai wa'azi yakan hau kafin direba ya tayar, ya bi da fasinjoji cikin addu'a, kuma da wuya ya sauka bai taɓo ta 121 ba, wadda take cikin waƙoƙi 15 na mahajjatan Urushalima, daga ta 120 zuwa ta 134, kuma batunta shi ne Allah mai tsaron matafiyi a fitarsa da komowarsa.

Bai kamata masani ya yi saurin kiran wannan camfi ba. A wannan tasha ce bam ya tashi ranar 18 ga Maris 2013 ya hallaka matafiya da dama, a cocin Katolika na St. Charles kuma aka jefa wani ranar 27 ga Yuli 2014 daidai lokacin da jama'a suke fitowa daga sujada, sannan a watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna da rumfuna a kasuwar kanta. Manyan unguwar suna tune da rikicin 1966 da na Oktoba 1991 da na Mayu 2004. Mutumin da jarinsa duka yake cikin ɗaki ɗaya, ba shi da inshora, danginsa suna nesa, idan ya nemi waƙar da take magana a kan firgicin dare da annoba da tarko, ya nemi abin da aka rubuta domin irinsa ne. Ba kuma Afirka ce ta ƙago wannan amfani ba, domin a cikin littattafan da aka tono a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri akwai wanda ya haɗa Zabura ta 91 da addu'o'in korar aljannu, malaman Yahudawa na dā sun san ta a matsayin waƙar kariya daga miyagun ruhohi, kuma Kiristocin Masar na ƙarnukan farko sun rubuta ta a kan takarda da katako suna ratayawa. Musulmin da yake maƙwabtaka da ɗan kasuwar, wanda Alƙur'ani ya sanar da shi cewa an ba Annabi Dawuda Zabura, kuma ya san rubutun sha da laya, ba ya mamakin ganin ana karanta nassi a kan ruwa, ko da yake malaman addinan biyu suna da saɓani a tsakaninsu game da halaccin hakan.

Duk da haka, Linjila da kanta ta kafa wa wannan hanya iyaka a wurin da ba a zata ba. A labarin jarabtar Yesu, a Matiyu sura 4 da Luka sura 4, Iblis ne yake jawo Zabura ta 91, yana nuna cewa tunda an yi alkawarin tsaron mala'iku, sai Yesu ya faɗo daga kan Haikali, Yesu kuwa ya ƙi, ya ce ba a gwada Allah. Abin da wannan yake nunawa shi ne ana iya karanta ayar daidai harafi da harafi, a kuma yi amfani da ita ba daidai ba, matuƙar an mai da alkawari ya zama abin tilasta wa Allah. Idan Zabura ta koma kamar kantin magani, inda mutum yake shiga ya nuna kwalbar da yake so ya fita, to mai addu'a ne yake mulkin littafin, littafin ba ya samun damar faɗa masa abin da bai zo nema ba.

Wane ne maƙiyin?

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne waƙoƙin la'ana, wato waɗanda mai waƙar yake roƙon Allah ya hukunta abokan gabansa, kamar ta 35 da ta 58 da ta 109. Ta 35 ta shahara ƙwarai a addu'o'in dare da na azumi, kuma tambayar da ya wajaba a yi ita ce wa mai karatun yake gani a zuciyarsa sa'ad da yake karanta ta. A kasuwa, maƙiyi ba ya nesa: shi ne na shagon gaba da ya karya farashi, ko dillalin da ya janye mai saye, ko ɗan'uwa a ƙauye da ake zargi da sammu saboda ciniki ya ja baya. A garin da rigimar mutum biyu a kan kuɗi takan rikiɗe ta zama ta ƙabila da addini cikin sa'a guda, koya wa mutane su sanya sunan maƙwabci a cikin waƙar la'ana ba ƙaramin haɗari ba ne.

Cocin Katolika ya warware matsalar a 1971 ta hanyar cire ta 58 da ta 83 da ta 109 daga addu'ar sa'o'i, tare da wasu ayoyi masu zafi daga wasu waƙoƙin. Mai wannan maƙala yana ganin cirewar ba ita ce magani ba, musamman ga mutanen da suka taɓa kwashe gawar 'yan'uwansu. Wanda aka zalunta yana da fushi ko an ba shi kalmomi ko ba a ba shi ba, kuma abin da waɗannan waƙoƙi suke yi, idan aka karanta su yadda suke, shi ne su karɓi fushin daga hannunsa su miƙa shi ga Allah, domin a cikinsu mai waƙar yana kai ƙara ne, hukunci da lokacinsa ya bar wa Alƙali. A ta 35 ɗin ma, mai waƙar ya ambaci cewa lokacin da waɗannan abokan gaba suka yi rashin lafiya ya yi azumi ya yi makoki dominsu, kuma wannan sashe ne aka fi tsallakewa a addu'ar yaƙi. Dietrich Bonhoeffer, wanda ya rubuta ɗan littafi a kan Zabura a 1940 a ƙarƙashin mulkin Hitila, ya tsaya a kan cewa Kirista yana karanta irin waɗannan ne ta wurin gicciye, inda wanda hukuncin ya sauka a kansa ya roƙa wa masu kashe shi gafara.

Abin da aka bari

Hermann Gunkel, Bajamushen da ya rarraba Zabura bisa ga nau'o'inta a farkon ƙarni na 20, ya nuna cewa waƙoƙin kuka, na mutum ɗaya da na al'umma, sun fi kowane nau'i yawa a littafin. Su ne kuma suka fi ƙaranci a bakin kasuwa. Ta 13 tana tambayar Allah tsawon lokacin da zai yi shiru, ta 44 tana cewa masifa ta zo alhali jama'a ba su karya alkawari ba, ta 74 kukan waɗanda suka ga an ƙone wurin sujadarsu ne, ta 88 kuwa ta ƙare ba tare da ko kalmar bege ɗaya ba, kuma duk da haka masu tattara littafin ba su fitar da ita ba. Ɗan kasuwar da ya karanta ta 91 da safe, da dare wuta ta cinye kayan da ya saro bashi, yana buƙatar waɗannan fiye da komai, amma koyarwar da ta cika kunnensa ta ce masa furta baƙin ciki rashin bangaskiya ne, dole ya ce komai lafiya. Sakamakon haka shi ne ko ya zargi kansa da wani ɓoyayyen zunubi, ko ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ko ya yi shiru da Allah gaba ɗaya. Yesu da kansa, a kan gicciye, da farkon ta 22 ya yi kuka, kamar yadda Markus ya rubuta a sura 15, kuma almajiri ba shi da dalilin jin kunyar addu'ar da Ubangijinsa ya yi a bainar jama'a.

Sai kuma rukunin da ya shafi ciniki kai tsaye, wanda rashinsa ya fi ba da mamaki. Ta 15 tana lissafa halin wanda ya cancanci tsayawa a gaban Allah, a ciki har da cika rantsuwa ko da za ta jawo hasara, da ƙin ba da bashi da ruwa, da ƙin cin hanci. Ta 37 ta sanya cin bashi a ƙi biya cikin alamun mugu, ta 62 ta yi gargaɗi a kan ƙwace da kuma jingina zuciya ga dukiya idan ta ƙaru, ta 112 ta yaba wa mai ba da rance da mai tafiyar da harkarsa bisa gaskiya, ta 73 kuwa ta bi zuciyar mutumin kirki da ya kusa zamewa saboda ganin macuta suna ƙiba. Waɗannan suna magana ne da mai sayar da jabun kaya da sunan na asali, da mai algus, da ubangidan da yaro ya yi wa bauta shekara da shekaru, lokacin sallama ya yi, ya ƙirƙiro masa laifin sata don kada ya ba shi jari. Babu wanda zai zaɓi irin waɗannan da kansa da safe, kuma wannan shi ne amfanin tsohuwar hanyar bi da bi, wadda Atanasiyus na Iskandariya ya riga ya nuna dalilinta a ƙarni na 4, a wasiƙarsa ga Marselinus, inda ya ce a cikin Zabura mai karatu yana ganin motsin ransa, ya kuma koyi yadda zai gyara shi.

Komawa ga wannan hanya ba ta buƙatar sabon littafi ko kuɗi, tunda ƙaramin littafin aljihun da yake cikin shago yana ɗauke da waƙoƙin 150 duka, kuma jadawalin Anglikan ya riga ya raba su kashi 60, kowane kashi bai wuce na 'yan mintoci ba. Fastoci da shugabannin zumunta na 'yan kasuwa, ko wace ɗariƙa suke bi, za su iya buga shi a takarda ɗaya su raba, ba tare da sun hana kowa ta 91 ɗinsa ba. A wannan jadawali, wanda ya karanta ta 35 da safiyar ranar 7 ga wata zai tarar da ta 37 tana jiransa da yamma, mai hana fushi da hassadar masu mugunta. Ranar 17 da safe zai bi ta cikin ta 88, washegari kuma, kafin ya kai ga ta 91, sai ya fara karanta ta 90, addu'ar da aka jingina wa Musa, wadda take ƙiyasta kwanakin ɗan Adam da shekara 70 ko 80.